ZAUREN MALAM: Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

 

Zancenmu na wannan wata a kan gudu ne. Samarin ikkilisiyoyinmu na nan Rimaye da ƙauyukan da ke kewaye, har da waɗansu daga wajen Kankiya da Kusada, sun kawo wa dattawa shawara. Suna so idan makarantu sun tashi dogon hutu, a shirya tseren ƙafa a kan hanya wata ranar Asabar cikin watan Agusta: kilomita 10 domin waɗanda suka saba, kilomita 5 domin masu farawa, kilomita 2 domin yara. Dattawa sun ce za su duba. Iyaye kuwa sun rabu biyu. Wani uba ya ce mini, "Malam, tun da nake ban taɓa ganin mai hankali yana gudu ba abin da ya koro shi ba." Wata uwa ta ce, "In ƙarfi ne ya yi musu yawa, ga fartanya." Wani kuma ya tambaya ko wannan ba sha'anin duniya ba ne da bai kamaci mai bi ba.

Waɗannan tambayoyi sun cancanci amsa, na kuma san ba a garinmu kaɗai ake yinsu ba. Ra'ayina shi ne a bar yaran su yi, amma bisa tsari. Tseren da aka shirya da kyau yana gina jiki da hali. Wanda aka yi da ka yana iya kai yaro asibiti, wani lokaci ma kabari.

Gudu ba baƙo ba ne a ƙasarmu

Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Katsina ya ga zagage suna tafe a gaban dokin sarki. Aikinsu ke nan tun dā, doki na tafiya suna gaba da ƙafa. Mafarauta kan bi zomo da gada cikin rani har su kama. Makiyayi yakan wuni yana taka daji. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Katsina zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 170, da jakuna da kaya a ka. Mu kanmu mun yi langa da tsere a dandali cikin farin wata, ba wanda ya ce mun haukace.

Abin da ya sake shi ne zamanmu. Yau saurayi ba ya iya zuwa bakin kasuwa sai a kan babur. Da yamma yana zaune a majalisa, kansa a sunkuye yana latsa waya. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda dā muke ji kamar cutar mutanen birni, yanzu sun shigo gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro kuma minti 60 kowace rana. Manomin da ke riƙe da fartanya da damina ya wuce wannan nesa. To, malamin makaranta irina fa, da tela, da mai shago, da ɗalibin da ya yi wata tara a kan benci? Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Gara mutum ya yi gudun da ya zaɓa da kansa tun likita bai sa shi dole ba.

Daga Atina zuwa Kaduna

Babban tseren hanya da duniya ta sani shi ne wanda muke kira gudun famfalaki, ko gudun yada ƙanin wani. An fara shi a wasannin Olamfik na farko na zamanin nan, a birnin Atina cikin 1896. Tsawonsa na yanzu, kilomita 42 da mita 195, ya samo asali daga tseren da aka yi a Landan cikin 1908. Wato ya fi rabin tafiyar Kankiya zuwa Katsina.

A shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, 1960, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya ci wannan tsere a birnin Roma cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ƙafarsa ba ko takalmi. A 1964 ya sāke ci a Tokyo, makonni kaɗan bayan an yi masa aiki a ciki. Daga baya 'yan Habasha da 'yan Kenya suka riƙe wannan fage. Mu ma muna da namu. A wasannin Olamfik na 1988 a birnin Seoul, Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun yi wa Nijeriya gudun famfalaki. A 1990 Abbas Mohammed ya gama tseren cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, aka yi shekaru masu yawa ba ɗan ƙasar nan da ya kamo shi.

Tseren hanya ya sāke farfaɗowa a ƙasarmu. A Okpekpe ta Jihar Edo an fara tseren kilomita 10 cikin 2013, a kan hanya mai hawa da gangara. Legas ta fara babban tserenta na yanzu cikin Fabrairu 2016. Kaduna ta yi nata na kilomita 21 cikin Nuwamba 2020. A irin waɗannan wurare baƙi daga gabashin Afirka ne suka fi kwashe manyan kyaututtuka, a cikin 'yan gida kuwa yaran Filato sukan yi fice. Dalilin a fili yake. Garin Iten na Kenya, inda gwanaye da yawa suke horo, yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 2,400, Jos kuma kimanin mita 1,200. A kan tudu numfashi ba ya ƙosar da jiki kamar a ƙasa, sai jiki ya ƙara yawan jinin da ke ɗaukar iska. Amma tudu kaɗai bai taɓa ba kowa lamba ba. Mutanen nan suna tashi da asuba kusan kowace rana, shekara da shekaru. Mu ba mu da tudu, amma muna da asuba.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya?

Ga amsar ɗan'uwan da ya yi tambaya a kan sha'anin duniya. Manzo Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da wata shida, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna. Kusa da birnin akwai filin da Helenawa suke taruwa kowace shekara biyu domin tsere da dambe da kokawa. Wanda ya ci, sai a ɗora masa rawanin ganye, wanda kwana kaɗan zai bushe. Masu bi na Koranti sun san wannan sarai. Saboda haka da Bulus ya so ya koya musu kamun kai, sai ya ɗauki mai tsere ya kafa musu misali a 1 Korantiyawa 9:24-27. Bai zagi mai tseren ba. Ya nuna yadda yake hana kansa abubuwa da yawa saboda ladan da ba ya daɗewa, sa'an nan ya sa masu bi su auna kansu, su da ladansu na har abada ne.

A 1 Timoti 4:8 ya yarda cewa horar da jiki tana da nata amfani, ko da yake amfanin ibada ya fi shi nesa. Mu lura da wannan jeri, kada mu juya shi. Saurayin da ke iya tashi ƙarfe biyar domin gudu, amma ba ya iya tashi domin addu'ar safe, ya ɗora jaki a kan kaya.

Akwai wanda ya riƙe jerin daidai. Eric Liddell ɗan Sikotilan ne, an haife shi a ƙasar Sin cikin 1902, iyayensa masu aikin bishara. Gwanin tseren mita 100 ne. Da ya ji cewa a wasannin Olamfik na Faris, 1924, za a yi zagayen farko na tserensa ran Lahadi, sai ya janye. Ya koma ya shirya wa mita 400, ya kuwa ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6. Shekara ta gaba ya bar suna da tafi, ya koma Sin yana koyarwa a makarantar mishan. A can ya rasu cikin Fabrairu 1945, a sansanin da sojojin Japan suka tsare su lokacin yaƙin duniya na biyu. Gudu bai raba shi da Allah ba, domin ya san wanda ke gaba da wanda ke baya.

Shirin mako takwas

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai yi tsere a watan Agusta, a watan Yuni zai fara shiri. Ga tsarin da nake ba manyan ɗalibaina. Kwana uku a mako ya isa, misali Talata da Alhamis da Asabar, a bar rana guda ta hutu a tsakani.

Mako na 1 da na 2: sassarfa minti 2, tafiya minti 2, a yi ta maimaitawa har minti 20.

Mako na 3 da na 4: sassarfa minti 5, tafiya minti 1, har minti 30.

Mako na 5 da na 6: sassarfa minti 25 zuwa 30 ba tsayawa. A nan hanya ta rabu. Mai shirin kilomita 5 ya tsaya a kan wannan. Mai shirin kilomita 10 ya tsawaita gudun Asabar, kilomita 6, mako na gaba 7.

Mako na 7: gudun Asabar ya kai kilomita 8. Wanda ya iya 8 shi kaɗai, zai iya 10 cikin jama'a.

Mako na 8: a rage. Gudu kaɗan sau biyu, kwana biyu na ƙarshe a huta sarai.

Wanda bai taɓa gudu ba, ya zaɓi kilomita 5 bana, ya bar 10 sai baɗi. A auna hanyar da agogon babur, a sa alama a jikin itace ko dutse, domin kowa ya san abin da ya yi.

Yaya mutum zai san ko saurinsa daidai ne? Ya yi gudu tare da aboki, suna taɗi. In ba ya iya faɗin magana guda sai ya yanke ta da haki, ya yi sauri da yawa, ya rage. Samari ba sa son wannan doka, kowa so yake ya nuna ƙarfinsa tun ranar farko. Amma ga dalilinta. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni kaɗan, jijiyoyi da ƙasusuwa kuwa sai sun ɗauki watanni. Sai yaro ya ji numfashinsa ya buɗe, ya ƙara nisa farat ɗaya, kwana kaɗan ƙwauri ko gwiwa ta kama ciwo, shiri ya rushe. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba kome ba ne. Ciwon da ke wuri guda, yana ƙaruwa in ana gudu, yana sa ɗingishi, wannan a tsaya masa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga uwar da ta yi maganar fartanya, gaskiyarki. Yuni da Yuli lokacin noman firi da maimai ne, gero da dawa ba sa jiran kowa. Yaro ya fita ƙarfe shida, ya dawo kafin bakwai, ya karya kumallo ya nufi gona. Ranar da aikin gona ya yi nauyi, a bar gudu. Wanda ya mai da horo hujjar guje wa gonar ubansa, a cire sunansa daga tsere.

Zafi, ruwa, abinci da takalmi

Babban abokin gāban mai gudu a ƙasarmu shi ne zafi. Cikin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan wuce digiri 40, shi ya sa bazara ba lokacin tsere ba ne. A watan Agusta gari ya yi sanyi, amma iska tana da laima. Jiki da gumi yake huce kansa, gumin kuwa sai ya bushe yake ɗauke zafi. In iska ta jiƙe, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, zafi sai ya taru a ciki. Don haka ko da damina, gudu na sassafe ne.

Kowa ya san waɗannan alamu: jiri, amai, ciwon kai, tangaɗi kamar mashayi, magana ba kan gado. In mai gudu ya fara haka, a tsai da shi ko yana gardama. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi a jiki ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

A sha ruwa mai tsabta kafin a fita da bayan an dawo. In fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki yana neman ruwa. Wanda ya yi gumi ƙwarai ya haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai zawo: ruwa lita ɗaya, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Kada kuma a cika ciki da ruwa fiye da kima, wannan ma yana da nasa lahani.

Abinci, wanda muke da shi ya isa. Tuwo da dare, koko da ƙosai bayan gudu, fura da nono, wake, gyaɗa, dankali, zogale. 'Yan tseren Kenya ma tuwon masara da ganye da madara ne cimarsu. Kada a yi gudu da ciki cike. Ranar tsere a ɗan sha kunu ko koko awa biyu kafin a tashi.

Takalmi kuwa, kada iyaye su ci bashi saboda shi. Kambas na gwanjo mai laushi, wanda bai matse yatsu ba, ya wadatar. Silifas ba na gudu ba ne. Kada wani ya ce zai yi irin na Abebe Bikila, hanyoyinmu akwai ƙaya da ƙusa da fasassun kwalabe. Kada kuma a sa sabon takalmi ranar tsere, sai wanda ƙafa ta saba da shi.

Tun 1972 motoci a Nijeriya hannun dama suke bi. Mai gudu ya bi gefen hagu, yana fuskantar abin da ke zuwa, da riga mai haske. In hadari ya taso da walƙiya, a koma gida, kada a fake a gindin itace.

Maganar ƙwaya

Wannan ita ce ta fi damuna. Mun san yadda Tramadol da ire-irensa suka shiga hannun samari, wai maganin gajiya. Ɓarnar maganin tari mai kodin ta kai har gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigowa da shi cikin 2018. Ba shakka wani zai raɗa wa ɗanka cewa in ya haɗiya guda biyu ba mai kamo shi.

Ka faɗa masa gaskiya tun wuri. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, jin ciwo take kashewa. Ciwo kuwa mai gadi ne da Allah ya sa a jiki, shi ke cewa tsaya kafin abu ya lalace. Wanda ya kashe mai gadin zai yi ta gudu zafi na cinsa bai sani ba, har ya faɗi. Tramadol mai yawa yana kawo farfaɗiya, yana kuma kama mutum ya zama bawansa. Bayan haka, sata ce. A 2 Timoti 2:5 Bulus ya nuna cewa mai wasa ba ya samun rawani sai ya bi ka'ida. A wasannin Seoul ɗin nan na 1988, Ben Johnson na Kanada ya ci tseren mita 100 duniya na kallo. Kwana uku bayan haka aka karɓe zinariyar, domin an sami haramtaccen magani a jikinsa. Har yau da wannan abin kunya ake tunawa da shi.

Waɗanda za su dakata

Mai zazzaɓi kada ya yi gudu, damina kuwa lokacin cizon sauro ne. Ya sha magani, ya warke sarai tukuna. Mai ciwon sikila, da mai asma, da mai hawan jini ko ciwon suga, da duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko ya suma yana aiki, da wanda ya wuce shekara 40 bai saba motsa jiki ba, su ga likita kafin su fara. In likita ya hana, akwai aikin ba da ruwa da rubuta sunaye, shi ma hidima ce.

'Yan mata fa? Sai a 1984 aka fara barin mata su yi gudun famfalaki a wasannin Olamfik, domin an daɗe ana cewa jikinsu ba zai ɗauka ba. A 1992 Derartu Tulu ta Habasha ta ci zinariya a tseren mita 10,000. A 1996 Chioma Ajunwa ta kawo wa Nijeriya zinariya a tsallen nesa. Yarinyar da ke daka da surfe da ɗebo ruwa tun asuba ba rarrauna ba ce. A bar su su shiga da yardar iyaye, da tufafin mutunci, dogon wando da riga mai sauƙi. Su yi horo a ƙungiya, iyaye mata biyu na Zumuntar Mata suna tare da su.

Ga masu shiryawa

Kafin a sa rana, dattawa su je su gai da hakimi da masu unguwanni, su sanar da 'yan sanda. Kowa ya san halin tsaro da jiharmu ta shiga a shekarun nan. Kada kowa ya fita shi kaɗai cikin duhu, kada a bi hanyar daji mai nisa. Gara a zaɓi hanyar da ke kusa da gari, a je a dawo sau biyu, da a miƙe inda ba idon jama'a. In hukuma ta ce a dakata, a dakata.

A tashi ƙarfe shida da rabi na safe, a gama kafin rana ta ɗaga. A ajiye ruwan sha a kowane kilomita biyu da rabi. A nemi ma'aikacin lafiya ya zo da kayansa, a kuma tanadi mota. Babur ɗaya ya shige gaba yana gargaɗin masu ababen hawa, ɗaya ya bi bayan na ƙarshe. 'Yan Birged su tsaya a mararraba.

A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi. Da su muke kasuwa, da su muke biki da zaman makoki, yaranmu da nasu ƙwallo ɗaya suke bugawa. Ranar Asabar ba ta taɓa Jumma'arsu ba, ba ta taɓa Lahadinmu ba. Hanyar ta kowa ce, alƙalan tsere ma a ɗauko daga ɓangarorin biyu.

Kyauta kada ta yi yawa. Littattafan rubutu, fitila, bokiti, fartanya sabuwa, sun isa. Inda kuɗi mai yawa ya shiga, caca da rigima da ƙwaya suna biye. A kuma ba duk wanda ya kai ƙarshe 'yar takardar shaida.

Ranar tsere

Ya kai ɗana mai gudu, da an busa usur za ka ga yara sun zabura kamar an saki awaki. Kada ka bi su. Kilomita biyu na farko ka tafi a hankali har ka ji kamar kana wasa. Wajen kilomita na shida za ka fara tarar da su ɗaya ɗaya, hannu a ƙugu. Wajen na bakwai ko na takwas kai ma zuciyarka za ta ce ka tsaya. In ba alamun haɗarin nan da na lissafa ba ne, gajiya ce kawai, ka rage sauri, ka sa ido a kan itacen da ke gabanka, in ka kai shi ka zaɓi wani. In ka ga wani ya faɗi, ka tsaya ka kira taimako. Ba lambar da ta kai ran mutum.

A wasannin Olamfik na Meziko, 1968, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi a tsakiyar gudun famfalaki ya ji ciwo a gwiwa. Aka ɗaure masa, ya ci gaba yana ɗingishi. Ya shigo fili fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya ci, shi ne na ƙarshe. Da aka tambaye shi abin da ya hana shi bari, ya nuna cewa ƙasarsa ta aiko shi ya gama tseren ne, ba ya fara kawai ba. Ban kawo labarinsa domin yaro ya yi gudu da rauni ba, namu tseren bai kai a sayar da gwiwa ba. Na kawo shi domin mu tuna cewa a cikin mutum ɗari, ɗaya ne zai zo na fari, amma dukansu suna iya gamawa.

Haka rayuwar mai bi take. Muna da masu baftisma da yawa waɗanda suka tashi da zafi, yau ba a ganinsu a sujada. Muna da aure da yawa da aka fara da kiɗa, da karatu da aka fara da ɗoki, suka tsaya a kilomita na shida. Yaron da ya koyi tashi ran da ba ya so, ya koyi jimre wa gajiya, ya koyi bin ka'ida ko ba mai ganinsa, ya koyi abin da zai riƙe shi a aji, da gona, da gidan aurensa.

Iyaye, ku fito ranar ku tsaya a bakin hanya, ku tafa wa na ƙarshe kamar yadda kuka tafa wa na fari. A daren da ya gabaci tseren kuma, ku tara iyali ku karanta Ibraniyawa 12:1-3 da 2 Timoti 4:6-8, ku yi addu'a tare.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan yadda ɗalibi zai riƙe karatunsa cikin dogon hutu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye 'ya'yanmu a kan hanya, ya ba mu ƙarfin gama tseren da ya sa a gabanmu. Amin.